Ruwan Rami Na Tara

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a ƙarƙashin garin, amma waɗanda suka san fuskarsa a garin ba za su cika mota guda ba. Ma'aikacin magudanar ruwan datti ne. Idan bututu ya toshe, ƙazanta ta taso ta malale titi, kowa ya toshe hanci yana mita, shi ake kira. Ya zo da ƙarfen ɗaga murfi, ya zura dogayen takalman roba, ya sauka. Idan ruwa ya wuce titi ya bushe, babu mai tambayar wane ne ya shiga ramin. Haka mutane suke da abin da ya fita daga jikinsu, da sun kora ruwa sun juya baya, ba nasu ba ne kuma.

Abokan aikinsa Hanci suke ce masa, ƙananan cikinsu su ce Baba Hanci. Sunan ya dace da shi. A rufe masa ido a tsayar da shi bakin rami, zai gaya maka ruwan wace unguwa ke wucewa: wannan na layin mahauta ne, wannan daga asibiti ya gangaro, wannan kuwa masu wanki sun zubar da ruwan kumfa. Taswirar bututun garin tana rataye a ofis, ta yi ja saboda tsufa, bai taɓa dubanta ba. Tasa tana cikin kansa, kuma babu wanda ya taɓa neman ya gani.

Mutum ɗaya ce a duniya take jiran fitowarsa daga rami, ita ce matarsa. Tun makon farko na aurensu ta kafa doka: ba zai taka ɗaki ba sai ya yi wanka. Kullum da la'asar zai tarar da bokitin ruwan ɗumi a bayan ƙofar gida, da sabulu a kan wani tsohon murfin kwano, ita kuma tana tsaye nesa kaɗan ta riƙe ƙugu. Shi ya sa yake ce mata Mai Bokiti. Ita kuma in tsokana ta motsa sai ta ce, "Sannu da zuwa, mutumin ƙasa. Yau me mutanen gari suka ci?" Danginta sun yi ta yi mata gori a farko, wai duk mazan duniya ta rasa sai mai warin lambatu. Ta ce musu wari ruwa yana wanke shi. Ba ta ƙara ba, su ma suka gaji suka yi shiru.

Tana da ciwon fuka tun tana yarinya. Ƙura ko hayaƙi kaɗan sai ƙirjinta ya kama yin fito, ta laluba abin shaƙarta a aljihun riga. Ya san sautin numfashinta kamar yadda ya san sautin ruwa a bututu, daga tsakar gida yake gane ko yau ƙirjin a buɗe yake. 'Yarsu ɗaya, tana aure a wani gari mai nisa. Su biyu ne a gidan, ɗaki biyu da 'yar baranda.

Saura masa wata takwas ya yi ritaya annoba ta shigo. Cuta ce ta numfashi, tana farawa da zazzaɓi da tari, tana kama tsofaffi da masu ciwon ƙirji ta shaƙe su. Aka rufe makarantu da kasuwa, aka kafa dokar kulle, kowa ya ɗaura takunkumi. Hanci ya yi dariya, ya ce shi da ya shekara talatin da ƙyalle a hanci, yau gari duka ya zama abokin aikinsa. Dariyar ba ta kai ciki ba. Duk sanda rediyo ta ce "masu ciwon ƙirji", sai ya saci kallon matarsa.

Ana nan wata safiya shugabansu ya kira shi ofis. Ya tarar da wata mata siririya mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba, tsaye gaban tsohuwar taswirar nan tana ɗaukarta hoto. Aka ce masa daga sashen lafiya take, aikinta hasashen inda cutar za ta nufa. Ya ce mata Dakta. Ta ce ita ba likitar duba marar lafiya ba ce, lissafi ta karanta. Ya ce duk ɗaya, Dakta.

"Baba," in ji ta, "cutar nan tana fita ta bayan gida tun kafin mutum ya galabaita ya tafi asibiti. In muka auna ruwan dattin unguwa, za mu ga tana hauhawa mako guda ko kwana goma kafin gadajen asibiti su cika. Sai a kai magani da iskar numfashi da ma'aikata can tun da wuri."

Hanci ya dube ta. "Wato abin da ke cikin ramin kike so?"

"Shi nake so, Baba. Kullum da safe, daga rami goma sha biyu."

Ranar ya koma gida da wata irin tafiya. Bai jira ya gama wanka ba ya fara ba Mai Bokiti labari ta bayan ƙofa, kumfa a ido. Shekara talatin da ɗaya ana biyansa ya kawar da abin nan daga idon mutane, yau ga mai ilimi tana roƙon a kawo mata shi cikin kwalba, har da ƙanƙara don kada ya lalace. Matarsa ta yi dariya har sai da ta nemi abin shaƙa.

Aka ba shi motar aiki da takardar wucewa. Yakan fita da zarar gari ya waye, tituna babu kowa sai karnuka. Ya ɗaga murfi, ya zura gwangwani mai doguwar igiya, ya cika kwalba, ya rubuta lambar ramin a jikinta, ya sa a kular ƙanƙara. Kafin hantsi ya kai ɗakin gwaji. Bayan kwana biyu Dakta ta zuba sakamakon a kwamfuta, sai taswirar gari ta fito a allo, kowace unguwa da launinta: kore inda cutar ba ta da yawa, ruwan ɗorawa inda take tasowa, ja inda za ta yi ɓarna. Ba a ce ya riƙa tsayawa kallo ba, amma yana tsayawa, daga bakin ƙofa, hannuwansa a baya.

Kuma abin ya yi ta cika. Rami na biyu ya yi ja ranar wata Talata, unguwar bayan tasha ke nan. Mutanen can suna zaune lafiya lau, har wasu suna cewa ƙarya ce. Kwana tara bayan haka motocin asibiti suka fara zarya a layin, suka tarar an riga an kafa tanti an ajiye tukwanen iska. Tun daga ranar Hanci ya ba da gaskiya da allon nan fiye da yadda Dakta ta ba da. Ita kullum tana cewa, "Hasashe ne fa, Baba, ba alkawari ba. Abin da aka ba kwamfuta shi take dafawa." Shi kuwa ya ɗauka kunya ce irin ta masu ilimi.

A cikin ramukan nan sha biyu, na tara ya fi so. Yana gindin tudu, inda taswirar ofis ta ce duk ruwan unguwar kan tudu yake gangarowa. Ruwansa garai-garai, ba wari sai ɗan ƙanshin omo. Yakan huta a nan, ya sassauta takunkumi. Kuma tun da aka fara aikin, unguwar kan tudu ba ta taɓa barin kore ba.

Sai ga rami na huɗu ya fara canja launi. Rami na huɗu unguwarsu ce. Ruwan ɗorawa ranar Lahadi, ja ranar Laraba. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallon allon.

"Kwana nawa, Dakta?"

"Mako biyu masu zuwa za su yi tsanani, daga nan ta fara sauka, in mutane sun zauna a gida." Ta juyo ta dube shi. "A unguwar kake zaune, Baba?"

Ya gyaɗa kai. Idonsa ya riga ya haura saman allon, inda koren nan yake. Ƙanwar matarsa tana kan tudu, tela ce, da mijinta mai gidan burodi da ɗaki guda da ba kowa a ciki. Bai tambayi Dakta ba. Ya san abin da za ta ce, kowa ya zauna inda yake.

Mai Bokiti ta ƙi. Ta ce ita ba kaya ba ce da za a kai ajiya. Ta ce ba ta fita ko ƙofar gida, ta ina cutar za ta same ta? Ya ce ta wurinsa, shi da yake yawo gari kullum, ta wurin maƙwabta da suke leƙowa aron ashana, ta iskar da ke shigowa ta taga. Ya ce ya gani da idonsa, allon nan bai taɓa yin ƙarya ba.

"Malam, shekara talatin ban kwana wani wuri na bar ka ba sai haihuwar jika. Wa zai ajiye maka ruwa?"

"Ina da hannu."

"Hannu kana da shi, hankalin sabulu ne ba ka da shi. Ka bar shi cikin ruwa ya narke kamar ba saye ake ba."

"Mako biyu ne kawai. Ki yi mini wannan, don Allah. In wani abu ya same ki a ɗakin nan, ni na kawo miki shi."

Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba. Sai ta tashi ta ɗauko doguwar sandar sabulu da wuƙa, ta zauna a baranda tana yanka. Gutsure goma sha huɗu, ta jera su a kan taga. Ta ce kowace rana ɗaya, in ya ɗauki biyu za ta sani, domin ranar da zai ɗauki na ƙarshe ranar za ta dawo, ko allonsa ya yarda ko bai yarda ba. Da safe ya sa ta a motar aiki, ita da jakarta da abin shaƙa biyu, ya nuna takardarsa a shingen hanya, ya haura da ita tudu. Da suka wuce rami na tara har ya nuna mata murfin, yana murmushi.

Suna waya kullum bayan ya yi wanka. Tambayarta ta farko, saura nawa a taga. Unguwarsu kuwa abin da Dakta ta faɗa ya faru. Mai shagon kusurwa ya kwanta, tsohuwar gidan da ke kallon nasu aka fita da ita ba ta dawo ba. Hanci yana jin kukan motar asibiti yana gode wa Allah a ransa da ya fitar da matarsa, har yana jin kunyar godiyar.

A rana ta biyar ta ce masa mijin ƙanwarta yana fama da mura, ya daina zuwa gidan burodi. Ya ce mura ce, canjin yanayi. A rana ta bakwai ta ce maƙwabtan ma duk tari suke, amma ba mai zuwa asibiti, suna tsoron a riƙe su. A rana ta takwas ba ta tambayi sabulu ba. Ya kasa kunne, ta cikin waya ya ji fiton nan a ƙirjinta, da wani abu a ƙarƙashinsa da bai taɓa ji ba, kamar ruwa yana neman hanya a bututun da ya cushe.

Washegari ya tsaya a rami na tara kamar kullum. Ya ɗaga murfi, ya zura gwangwani, ya jawo. Ya ɗaga kwalbar ya dube ta a hasken rana. Sai ya cire takunkumin gaba ɗaya, ya durƙusa, ya sa kansa cikin ramin ya shaƙa.

Babu mutum a cikin ruwan nan. Gida dubu da wani abu ne a kan tudu, da yara da tsofaffi, amma ruwan ba shi da warin ko mutum ɗaya. Omo ne da ruwan ƙasa.

Ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa suna lilo a ciki. Shekara goma sha tara da suka wuce, wata damina ƙasa ta zabtare ta karya babban bututun da ke saukowa daga tudu. Aka ce a toshe bakinsa na ɗan lokaci kafin a kawo sabo. Su huɗu suka sauka, shi ne ya riƙe cokalin siminti. Sabon bututu bai zo ba, mutanen tudu suka gaji da jira kowa ya haƙa masai a bayan gidansa, ofis ya canja shugabanni, taswira ta ci gaba da rataye yadda take. Abin da ke bi ta rami na tara tun daga lokacin, ruwan wurin wankin motoci ne da wani idon ruwa da ke tsattsafowa ta bango. Sauran ukun da suka yi aikin, biyu sun rasu, ɗaya ya koma ƙauye. A duk garin nan shi kaɗai ya sani.

Ya isa ɗakin gwaji ba takunkumi, sai da mai gadi ya tsayar da shi. Wannan karon bai tsaya bakin ƙofa ba. Ya shiga har gaban allon, ya ɗora yatsa a kan koren, ya gaya mata komai. Dakta ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"Mako shida, Baba. Mako shida muna auna ruwan wankin mota. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba a tambaye ni—" Ya tsaya. Bai iya ƙarasa ƙaryar ba. "A'a. Hancina ya gaya mini tun ranar farko. Na ce na'ura tana ganin abin da hanci ba ya ji. Daga baya kuma ina son wuri guda a garin nan ya zama kore, Dakta. Ina da wadda zan kai."

Ta dube shi, ta gane, launin fuskarta ya canja. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce laifinta ne ita ma, ta amince da takarda alhali ga mutumin da ya san ƙasan garin yana tsaye a ƙofarta kullum. Ta ɗauki waya ta yi kira uku a tsaye. Kafin azahar motocin gwaji sun haura tudu, gida-gida. Abin da suka tarar ya wuce na rami na biyu da na huɗu a haɗe. A cikin waɗanda aka sauko da su asibiti a ranar har da Mai Bokiti.

Ba a barin kowa ya shiga. Ya je ya tsaya a bakin shinge tare da sauran masu tsayuwa, har wata ma'aikaciyar jinya ta ce masa tsayuwar ba ta ƙara mata numfashi. Sai ya koma wurin Dakta, domin ba shi da inda zai sa kansa. Ta shimfiɗa masa babbar farar takarda a ƙasa, ta ba shi alƙalami. Kwana uku yana durƙushe yana zana garin daga ƙasa: wannan layin an karkatar da shi shekarar ambaliya, wannan makarantar ba ta haɗe da kowa, ruwan gidan yari yana faɗawa rami na shida ba na bakwai ba. Ta riƙa tambaya yana amsawa. Suka gano wasu wurare biyu da allon yake yi musu kallon lafiya alhali ba a auna su. Can an kai da wuri. Mutane da yawa suna raye yau saboda takardar nan, ba su san da ita ba, kuma sanin hakan bai taɓa rage masa komai ba.

A rana ta goma sha biyu wata ma'aikaciya ta kara wa Mai Bokiti waya a kunne. Maganarta guntu-guntu, tsakanin kowace kalma sai ta nemi iska. Ya yi niyyar ya ce mata ta yi ƙoƙari, ta kusa dawowa. Abin da ya fito daban.

"Ni na toshe bututun tudu da hannuna. Na sani, na kai ki. Ki yafe mini."

Shiru, sai ƙarar na'ura. Ya ɗauka ba ta ji ba.

"Kai da... hancinka," ta ce. Ya ji alamar dariyar da ba ta da iskar yi. "Tsoro ne... ya toshe shi. Na yafe. Saura nawa... a taga?"

"Biyu."

"Ba ka yi... sata ba?"

"Ban yi ba."

"To. Kada ka shiga mini ɗaki... ba wanka."

Ta rasu washegari da hantsi, yana kan hanyar rami na goma sha ɗaya. Dakta ce ta kira shi, ta ce ya tsayar da motar tukuna. An binne ta da yamma, mutum biyar a tsaye nesa da juna, 'yarsu tana kuka ta waya domin an rufe hanyoyi. Ƙanwarta, wadda ta tashi daga ciwon da ƙyar, ta kasa haɗa ido da shi, tana ganin a gidanta aka ɗauka. Shi ma ya kasa, saboda abin da ya sani. Ranar ya yi wanka da gutsure na goma sha uku, bai ma san ya ɗauka ba.

Kwana na goma sha huɗu ya fita aiki. Shugabansa ya ce ya zauna gida, ya ce kwalabe ba su san an yi rasuwa ba. Ya zaga ramukan, ya tsallake na tara, wanda Dakta ta riga ta goge daga lissafi. Da ya kai kular ɗakin gwaji, ya ga rami na huɗu ya koma ruwan ɗorawa. Unguwarsu ta fara sauka, daidai ranar da aka ce.

Ya dawo gida da la'asar. Ya ɗora ruwa ya juye a bokiti, ya kai bayan ƙofa da kansa. Ya je taga ya ɗauki gutsuren da ya rage. Ya bushe, gefensa ɗaya a karkace inda wuƙar ta zame mata. Ya daɗe da shi a tafin hannu, har ruwan ya huce. Sannan ya mayar da shi kan taga, ya watsa ruwan haka nan ba sabulu, ya shiga ɗaki da warin ramin a jikinsa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana jira, babu wanda ya ce masa ya fita.